A Gyara Masaƙar Duwatsun Ado Kafin A Zargi Hannun Mai Saƙa

 Sharhinmu na yau zai tsaya ne a kan wani ɗan kayan aiki da tsawonsa bai kai kamu guda ba, wato ƙaramar masaƙar duwatsun ado, wadda ake saƙa awarwaro da abin wuya da maɗaurin agogo da maratayin jaka a kanta. 'Yan mata da matan aure da samari da dama sun fara saninta ne a cibiyoyin koyon sana'a, ko kuma ta bidiyon da ke yawo a waya. Da yawansu kan saye ta da ɗoki, su saƙa abu biyu ko uku, su ga gefen aikin ya karkace, tsakiyarsa ta tattare, tsawonsa bai kai yadda aka so ba, sai su jefa ta ƙarƙashin gado su ce ai su ba su da hannun wannan aiki. Abin da nake so in tabbatar a yau shi ne, mafi yawan wannan aibi daga masaƙar yake fitowa, kuma aibi ne da kafintan unguwa da mai sayar da noti za su iya kawar da shi cikin yini guda. Wanda ya koyar da saƙar duwatsu bai koyar da gyaran masaƙarta ba, rabin sana'ar ya bayar.

Domin wanda bai taɓa ganin aikin ba, ga yadda yake. Ana miƙa zaruruwa a jere daga wannan kai na masaƙar zuwa wancan, su ne zaren tsaye. Adadinsu kullum yakan fi adadin duwatsun layi ɗaya da guda ɗaya, domin kowane dutse yana zama ne tsakanin zare biyu. In ana son faɗin duwatsu 15, zare 16 za a miƙa. Sai mai saƙa ta zura duwatsun layi ɗaya a allura bisa tsarin launin da ta zana, ta bi da su ta ƙarƙashin zaruruwan, ta turo su sama da yatsa har kowane dutse ya leƙo ta tsakanin zare biyu, sannan ta komo da allurar ta cikin ramukan duwatsun, amma wannan karon ta saman zaren tsayen. Zaren kwance ya bi ta ƙasa, ya dawo ta sama, ya kulle layin ke nan. Aikin ba shi da wuyar ganewa, wahalarsa a maimaici take. Ƙananan duwatsun da ake kira lamba 11 kaurinsu kusan milimita 2 ne, saboda haka awarwaro mai tsawon santimita 16 zai ci layi wajen 80, duwatsu kusan 1,200 in faɗinsa 15 ne. Ɗamarar da ta kai santimita 90 da faɗin duwatsu 21 za ta haura duwatsu 9,000. A aikin da ake maimaita motsi ɗaya sau ɗaruruwa, kuskuren da bai kai kaurin gashi ba a layin farko zai taru ya zama karkata da ido ke gani tun daga nesa. Shi ya sa batun masaƙar ya fi ƙarfin a ɗauke shi ƙaramar magana.

To, mene ne ke damun masaƙar da aka fi samu a kasuwa? Yawancinta lanƙwasasshiyar waya ce, da sandar katako mai juyawa a kowane kai, da sifirin da aka shimfiɗa domin raba zaruruwa, da ƙusa guda ɗaya a jikin kowace sanda inda ake ɗaure dukkan zaren. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa ciwo. Wayar ba ta da ƙarfi, da zarar an ja zare talatin sai kawunan biyu su sunkuyo wa juna, zaren da aka fara miƙawa ya saki, wanda aka miƙa daga baya ya yi tauri. Ƙusa ɗayar nan kuwa tana sa zaruruwan gefe su yi tafiya mai nisa fiye da na tsakiya kafin su isa wurin ɗauri, don haka ba za su taɓa ɗaukar ja iri ɗaya ba. Sifirin ɗin da ke kai an yi shi ne da tazara guda, ba ruwansa da girman duwatsun da ke hannun mai saƙa. Ga shi masaƙar ba ta da nauyi, tana zamewa a kan tebur ko cinya duk lokacin da aka turo duwatsu. Sannan ga ƙarancin fili a ƙarƙashin zaren, wanda ke sa hannun babba ya riƙa dungurin ƙasa. Duk wanda ya haɗa waɗannan ya auna, zai ga dalilin da ya sa aikin sabon shiga kan fito da faɗi a farko, ya tsuke a tsakiya, ya sake buɗewa a ƙarshe, ko da kuwa an bi zanen daidai ba a tsallake dutse ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa a wannan magana shi ne, matsalolin nan masaƙan ƙasar Hausa sun warware su tun zamanin kakanni, a kan zaren auduga. Ku dubi masaƙin fari ko saƙi a bakin aikinsa. Bayan ya yi wadari, ba ya ɗaure ƙarshen zarensa a turke ya bar shi haka nan. Yakan ɗaure shi ne a jikin kunkuru, ya ɗora masa duwatsu, ta yadda nauyin zai riƙe zaren da ja iri ɗaya daga safe har yamma, yana kuma matsowa a hankali yayin da saƙa ke ci gaba. Matsefinsa yana raba zaruruwa da tazara madaidaiciya, kuma masaƙi ya san matsefin da ya dace da kowane irin zare. Abin da ya saƙa kuwa yana naɗe shi a sandar da ke gabansa, shi ya sa yake fitar da ƙyalle mai tsawon kamu da yawa yana zaune wuri ɗaya. Ja, da tazara, da naɗi, su ne ginshiƙan masaƙarsa. Da su ne ake saƙa siraran ƙyallayen turkuɗi, waɗanda faɗinsu bai kai yatsu biyu ba, a ɗinke su gefe da gefe, a rina a buga a Kura, su tafi har wurin Buzaye a Agadas da gaba. Da gefen ƙyallayen nan yana karkata, da ɗinkin bai yiwu ba. Mai saƙar duwatsu ma siririn ƙyalle take fitarwa, kuma dokar da ta hau kan masaƙin turkuɗi ita ce ta hau kanta.

Mu fara da ja, domin shi ne uwa uba. Gyara na farko shi ne a ba masaƙar gindi mai nauyi: falankin busasshen katako mai tsawon kamar santimita 50 da faɗin santimita 15, da allo biyu a tsaye a kawunansa. Na ce busasshe da gangan, saboda ɗanyen katako zai murɗe da zarar hunturu ya kama, ya kuma kumbura da damina, kuma duk motsin da ya yi a jikin zare zai bayyana. Allo ɗaya a kafe shi daram da manne da sukuru. Ɗayan kuma a bar shi yana tafiya gaba da baya, ko dai ta hanyar tsaga doguwar hanya a tsakiyar falankin a ɗaure shi da noti mai kunne biyu wanda ake juyawa da yatsu, ko kuma a ratsa allunan biyu da dogayen rodi masu tiredi, a sa noti da washa ciki da waje. Amfanin wannan shi ne, bayan an gama miƙa zare, juyi ɗaya ko rabin juyi na noti zai ƙara wa dukkan zaruruwan ja a lokaci guda, ba sai an kwance an sake ɗauri ba. A madadin ƙusa ɗaya kuma, a jera ƙananan ƙusoshi biyar ko bakwai a bayan kowane allo, a raba musu zaren, kowane ya tafi kusan miƙe zuwa maɗaurinsa. A nan akwai abin lura da mutane da yawa ke kuskurewa: yawan ja ma ɓarna ne. Zaren nailan yana miƙewa idan an ja shi, ya koma idan an sake shi. In aka ɗaure shi tamau aka saƙa a kai, ranar da aka yanke aikin daga masaƙa zaren zai koma, layukan duwatsu su matse juna, awarwaron ya tattare ya ƙi kwanciya. Maganinsa a ja zaren da hannu ya gama miƙewarsa kafin a ɗora, a goga masa kakin zuma, a tsayar da ja a inda zare zai ɗan lotsa in an danna shi da yatsa ya kuma dawo nan take, sannan kafin a cire aiki a sassauta notin a bar shi ya kwana a haka. Masaƙar waya ba ta ba da wannan dama. Mai noti tana bayarwa.

Sai tazara, kuma a nan ne ɗan lissafi ke shigowa. Duwatsun nan lamba-lamba ne, kuma gwargwadon hawan lamba gwargwadon ƙanƙantar dutse: lamba 6 kusan milimita 4, lamba 8 kusan milimita 3, lamba 11 kusan milimita 2, lamba 15 kusan milimita 1.5. Amma ba wannan kaurin ne ke tsayar da tazarar zare ba, domin a kan masaƙa dutse kwanciya yake yi, raminsa na kallon gefe, saboda haka tsawonsa ta wajen ramin shi ne abin aunawa, kuma a zagayayyun duwatsu ya gaza kaurin. Hanya mafi sauƙi ita ce a zura duwatsu goma a allura, a matse su, a ɗora a kan rula, a raba abin da aka samu gida goma, a ƙara ɗan abu kaɗan saboda kaurin zare. In tazarar masaƙa ta fi wannan faɗi, zaren kwance zai janyo zaruruwan ciki, aikin ya riƙa tsukewa yayin da yake nisa da bakin allo. In ta gaza, duwatsu ba za su zauna ba, za su riƙa hawa kan juna. Abin daɗin shi ne, rodi mai tiredi da ake sayarwa a shagon kayan gini tazararsa a ƙayyade take bisa ma'aunin duniya: mai kaurin milimita 8 tazarar tsagoginsa milimita 1.25 ce, mai milimita 10 tazararsa 1.5, mai milimita 12 tazararsa 1.75, mai milimita 16 kuma 2 cif. Ke nan da guntaye biyu-biyu na rodi kala uku, mai saƙa ta mallaki abin raba zare na kusan kowane irin dutse, in ta haɗa da dabarar tsallake tsaga ɗaya saboda manyan duwatsu. Abin da kafinta zai yi kawai shi ne ya fafe kwari a saman kowane allo inda rodin zai kwanta, a cire shi a sauya duk lokacin da aka so. Wadda ba ta samu rodi ba, matsefin roba mai ƙananan haƙora da aka raba biyu zai yi aiki, muddin ta auna shi tukuna. Zaren gefe na dama da na hagu kuma a ninka su biyu-biyu, domin su ne ke shan gogayya a hannun mai sawa.

Batun tsawo ya kasu biyu, kuma kowane da irin gyaransa. Mai son saƙa dogon abu, ɗamara ko maratayin jaka, tana buƙatar sandar naɗi a kowane kai, mai kauri kamar muciya ƙarama, wadda ake kullewa da noti ta gefe don kada ta warware da kanta. Sandar gaba ta ɗauki zaren da ba a kai gare shi ba, ana naɗe shi tare da takarda mai kauri don kada zaruruwa su nutse cikin juna. Ta baya kuma ta ɗauki abin da aka gama, da ƙyalle a tsakani. Mai saƙa gajeren abu kuwa damuwarta daban ce, kuma duk wadda ta taɓa yi ta san ta: bayan an yanke awarwaro mai zare 16, bakin zare 32 ne ke reto, kowanne sai an zura shi a allura an mayar da shi cikin duwatsu, aikin da kan cinye lokacin da ya kusa kai na saƙar kanta. Akwai masaƙar da aka ƙera a Amurka mai suna Ricks Beading Loom wadda ta shahara saboda ta rage wannan wahala, kuma dabararta ba ɓoyayya ba ce. Siraran tsinkayen ƙarfe biyu ake sawa, ɗaya a kowane kai, a daidaita nisan da ke tsakaninsu da ainihin tsawon abin da za a saƙa, sai a ɗauki zare guda ɗaya a riƙa kai shi da komowa yana zagaye tsinkayen. In an cika saƙa daga tsinke zuwa tsinke, a zare su, a baje layukan duwatsu su rufe 'yan madaukan da suka rage, bakin zaren tsaye biyu kacal za a ɓoye. Masaƙar da allonta ke tafiya gaba da baya, irin wadda na bayyana ɗazu, huda biyu kawai take buƙata a kowane kai ta koma irin wannan.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne, amma jiki ne ke cin moriyarsu. A bar filin da ya kai kamar santimita 7 ko 8 a ƙarƙashin zare domin hannu ya shiga ya fita. A liƙa guntun robar tayar keke a ƙasan falanki don ya daina zamewa. A ɗaga kan masaƙar na nesa da ɗan katako domin aikin ya fuskanci mai shi, wuya da baya su huta. A shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin baƙin zare, baƙi a ƙarƙashin fari, ido ya daina laluben zare. A goge ko'ina da samfefa, domin tsagin katako ɗaya ya isa ya tsinke zaren tsaye ana tsakiyar aiki. Duwatsun kuma a riƙa zuba su a faranti mai ƙyalle a ciki, a mayar da su kwalba mai murfi da zarar an tashi, saboda ƙananan yara na iya haɗiye su ko su cusa a hanci da kunne.

Na san akwai mai cewa, gwani ba ya kuka da kayan aiki, kuma mutanen da suka fi kowa shahara da wannan saƙa ba su da noti ba su da rodi. Gaskiya ne cewa 'yan asalin Arewacin Amurka sun saƙa ɗamarun wampum da duwatsun da suka sassaƙa daga ɓawon halittun teku, fari da shunayya mai duhu, a kan lanƙwasasshen itace mai siffar baka, kuma al'ummar Haudenosaunee ta adana yarjejeniyoyinta da tarihinta a jikin irin waɗannan ɗamaru. To amma a duba bakan da kyau. Itacen da aka lanƙwasa yana neman miƙewa ne a kowane lokaci, don haka shi da kansa yake riƙe zaren da ja mai dawwama, aikin da kunkuru ke yi wa masaƙinmu. Suna kuma huda fata ko ɓawon itace a jere su ratsa zaruruwan ta ciki, wannan shi ne matsefinsu. Da ƙananan duwatsun gilashi na Turai suka yawaita a hannunsu a ƙarni na 19, matan Ojibwe da Menominee da Potawatomi da Ho-Chunk na yankin manyan tafkuna ba su tsaya a kan baka ba. Sun yi masaƙa mai kusurwa huɗu da ake naɗa zare kewaye da ita, wasunsu suka yi amfani da allon katako mai tsagogi da ramuka da ke ɗaga rabin zaruruwa ya sauke rabi, kuma da irin waɗannan ne suka saƙa manyan jakunkunan rataya da ke cikin gidajen tarihi a yau. Ashe tarihin da ake kafa hujja da shi, shi kansa tarihin gyaran masaƙa ne. Gwanin da ke fitar da aiki mai kyau a kan lalatacciyar masaƙa yana biyan kuɗin lalacewarta da lokacinsa da idonsa, sabon shiga kuwa ba ta da gwanintar da za ta biya da ita, sai ta bari.

Wani kuma zai ce araha ba ta ado, a daina wahala da guntayen katako, a tara kuɗi a sayo ta ƙasar waje. Ba na musun cewa masaƙun ƙarfe na kamfanonin waje suna da kyau, wasunsu har da na'urar buɗe zare da ke sa allura ta wuce sau ɗaya maimakon biyu. Sai dai da dala ake sayensu, a biya kuɗin jirgi, kuma ranar da sifirin ya ɓace ko noti ya ci tiredi babu shagon da za a je a Kano ko Maraɗi ko Kumasi a samo madadinsa. Ga mai sana'ar da jarinta bai taka kara ya karya ba, kuɗin da za ta zuba a masaƙa ɗaya ya fi amfani in ta zuba shi a duwatsu masu kyau da allurai lamba 10 da 12 da zare mai ƙarfi. Karin maganar nan ta araha ba ta ado tana nufin kayan da aka yi wa aikin ha'inci ne, alhali masaƙar da kafinta ya yi bisa awo, da busasshen katako, ba ta cikin wannan sahu. Abubuwa uku ake nema daga kowace masaƙa, wato ja da tazara da naɗi, kuma zare bai san ƙasar da aka ƙera abin da ya riƙe shi ba. Akwai ma fifikon da ta gida ke da shi: mai ita ta san yadda aka haɗa ta, don haka ta san inda za ta taɓa in wani abu ya saki.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ya fi nauyi, kuma dole a ba shi haƙƙinsa. Masu shi na cewa, komai kyan masaƙa, in duwatsun ba girmansu ɗaya ba, gefen aiki ba zai miƙe ba. Haka ne. Ƙananan duwatsun gilashi ana yin su ne ta hanyar jan narkakken gilashi ya zama dogon siririn bututu, a yayyanka shi, a sake ɗumama guntayen ana juya su har kaifinsu ya mutu, kuma in ba a tace su da kyau ba sai a samu siriri da mai kauri a ƙulli ɗaya. Na Japan, irin na kamfanonin Miyuki da Toho, su ne suka yi suna wajen daidaito, musamman samfurin Delica mai siffar gwangwani. Na ƙasar Cek da ake yi a yankin Jablonec suna biye. Masu arahar da suka cika kasuwanninmu kuwa sun fi kowanne bambancin girma. Babu notin da zai mayar da siririn dutse mai kauri. Amma wannan gaskiyar goyon bayan maganata take yi. Mai amfani da duwatsu marasa daidaito ita ta fi kowa buƙatar masaƙar da ba ta ƙara mata wata matsala a kan wadda take da ita. In ja ya daidaita, tazara ta daidaita, to duk layin da ya fito ya fi 'yan'uwansa faɗi, an san daga dutse ne, sai a zare mai kaurin a sa wani, a ware waɗanda aka tsame domin aikin zuri inda bambancinsu ba ya cutarwa. A kan masaƙar da komai nata ke motsi kuwa, mai koyo ba za ta taɓa gane ko dutse ne, ko zare ne, ko hannunta ne ba, kuma wanda bai gane inda kuskure yake ba, ba zai koyi gyara shi ba.

Saura masu cewa wannan saƙa baƙuwa ce a wurinmu, mu zuri muka gada, jigida da murjani da tsakiya, kuma kayan kamfani sun riga sun cika kasuwa. Lallai saƙar duwatsu a kan masaƙa ba ta cikin tsofaffin sana'o'inmu, kuma duwatsun da Masaga ke narkawa a Bida, da na Krobo a Ghana, manya ne, na zuri. Amma yammacin Afirka bai taɓa zama baƙo ga duwatsun ado ba. A Igbo-Ukwu, tonon kayan tarihi da masani Thurstan Shaw ya fara a 1959 ya fito da duwatsu fiye da 165,000. A Igbo Olokun da ke Ile-Ife an tabbatar ana narka gilashi ana yin duwatsu tun wajen ƙarni na 11. Fatake Hausawa ne suka riƙa kai jan dutsen da ake sassaƙa lantana da shi a Ilorin, kuma a 2021 UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen da suka yi fice a sana'ar hannu. Ido da ya saba da ƙirgen zare a ɗinkin hula da aikin wuyan riga ba zai sha wuya ba wajen zana dagi a takarda mai gida-gida ya mayar da shi duwatsu. A nan ne kuma amsar batun kasuwa take. Kamfanin waje ba zai saƙa wa amarya sunanta a awarwaro ba, ba zai daidaita launi da ankon biki ba, ba zai yi wa dukawa siririn ado daidai da faɗin maratayin jakar fatarsu ba. Irin wannan aiki na oda shi ne rabon mai sana'ar hannu, kuma mai ba da oda awo yake bayarwa: santimita kaza tsawo, kaza faɗi, guda ashirin, duka iri ɗaya. Masaƙar da ba a iya saita ta ba za ta cika wannan alkawari ba.

Saboda haka kirana ga masu shirya horon sana'a, daga Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, zuwa shirin koyar da sana'o'i na masu yi wa ƙasa hidima, da cibiyoyin mata na jihohi da ƙananan hukumomi, da makarantun Islamiyya na matan aure da ke haɗa karatu da sana'a, shi ne a ware ranar farko ta darasin saƙar duwatsu domin masaƙar kanta. A gayyato kafinta ya haɗa guda ɗaya a gaban ɗalibai, a koya musu auna dutse da rula, da zaɓen rodi, da gane ja da yatsa, a kuma ba kowace ɗaliba takardar awon ta tafi da ita gida. Kafintoci da masu walda kuma ga ƙofar ciniki a buɗe, domin guntayen katakon da ke zube a shagunanku sun isa wannan aiki. Ke kuma 'yar'uwa da kika ajiye taki masaƙar kina zaton ba ki da hannu, ki ɗauko ta, ki ɗaure ta a kan falanki, ki ƙara mata ƙusoshi, ki auna duwatsunki, ki sake gwada layi ashirin kafin ki yanke wa kanki hukunci.